Tambaya da Amsa: Masu zuba sassan bindiga da roba a garejin gida

A fitowar da ta gabata mun ɗan ambata a layi biyu cewa a Amurka akwai masu sha'awar bindiga da suke zuba wasu sassanta da roba a garejin gidajensu, mu mun faɗa ne mun wuce, ashe mun taɓo inda yake ma jama'a ƙaiƙayi, don saƙonni sun yi ta shigowa har wasu suna cewa ƙarya muka shirga. Toh ga waɗanda muka tsamo, masu kama da juna mun haɗe su.

Tambaya: Salam Malam, don Allah wai da gaske ne ana yin bindiga da roba? Ni dai hankalina ya ƙi ɗauka, ai wuta ce ke tashi a ciki, ya za a yi roba ba ta narke ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, hankalinka bai yi kuskure ba, kawai dai labarin ne ake ba da rabinsa. Inda wutar ke tashi ba roba ba ne. Bututun bindiga da abin da ke toshe bayan harsashi lokacin da albarushi ya kama, waɗannan ƙarfe ne mai tauri, kuma dole su zama ƙarfe, domin a bindiga irin AR-15 matsin da ke tashi a cikin bututun nan yana kai wa wajen psi 55,000, kai kuma tayar motarka da psi talatin da wani abu take yawo, kaga ai ba zancen roba a wurin. Abin da ake yi da roba shi ne sauran jikin, wato gindin da ake dafawa a kafaɗa, da mariƙin hannu, da murfin da ke kare hannu daga zafin bututu, da gidan harsashi, sai kuma wani sashe da suke ce ma risiba ta ƙasa wanda shi ne akwatin da kunama take zaune a ciki.

Wannan na ƙarshen shi ne ya jawo duk surutun. Eugene Stoner da abokan aikinsa a kamfanin ArmaLite da suka tsara AR-15 a ƙarshen shekarun 1950 sun yi ta ne ta yadda matsin harbi yake ƙarewa tsakanin bututu da matoshinsa, shi akwatin ƙasan nan ba ya ɗaukar wannan wutar kai tsaye, shi ya sa tun farko da alminiyom aka yi shi ba ƙarfe mai nauyi ba. Sai wasu suka ce toh tunda alminiyom ya yi ai roba ma za ta yi mana. Daga nan rigimar ta samo asali.

Amma kar ka ɗauka duk mai zubi a gareji risiba yake yi fa. Da yawansu dattawa ne masu gyaran tsofaffin bindigogin farauta na gado, mutum ya gaji bindigar kakansa, ɗan faifan da ke ƙarshen gindinta ya fashe, kamfanin da ya yi ta ya rufe tun kafin a haife shi, sai ya aro irinsa mai lafiya wajen aboki ya kwafi siffarsa ya zuba sabo har da tambarin kamfanin ya fito raɗau. Akwai masu yin mariƙi daidai da tafin hannunsu, akwai masu yin bindigogin ƙarya na fim da wasan kwaikwayo waɗanda ko kunama ba ta motsi. Su waɗannan gaskiya aikinsu na burge ni, sana'ar hannu ce tsantsa.

Tambaya: Su masu yin abin me suke cewa, yana ƙarko kuwa? Ko dai ɓata kuɗi ne kawai?

Amsa: In ka bi hirarsu za ka ga labarin kusan iri ɗaya ne, sai dai sunan mai ba da shi ya canza. Zubin farko kusan kullum kwandon shara yake tafiya. Mutum ya kwana yana ɗoki, da safe ya ɓare mazubin silikon ɗin ya ciro abu sumul yana ƙyalli, ya ɗauki hoto ya tura ma abokai, sai da ya ɗaga shi a hasken taga ya ga cikinsa duk ƙananan kumfa ne birjik, wani gefen kuma har yanzu yana danƙo yana kama yatsa saboda haɗin bai kama ba. Ita wannan robar da ake zubawa a gida ruwa biyu ne ake garwayawa su daskare, kuma ba ta shiri da danshi ko kaɗan, in iskar ɗakin ta yi laima sai ruwan da ke cikinta ya haɗu da sinadarin ya fitar da iskar gas, gas ɗin ya maƙale a ciki ya zama kumfa. Kowace kumfa kuwa wurin fara tsagewa ne. Ga shi abin yana ɗan tsukewa in ya bushe, ramin da ya kamata ya zauna daidai sai ka ga ya goce da ɗan kaɗan, a kayan ado ba komai, amma a kayan inji wannan ɗan kaɗan ɗin shi ne komai.

Sai matsalar zafi. Wanda ya zuba mariƙi ya manta da shi a but ɗin mota ranar bazara, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yana iya haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, ya dawo ya tarar abin ya lanƙwashe ya yi laushi, kusoshin sun yi sako-sako. A lokacin sanyi kuma akasin haka, ya yi tauri ya zama mai saurin fashewa, ya suɓuce ya faɗi a siminti ya rabu biyu.

Masu ƙananan sassa na ado su suna cin riba, don in abin ya karye ba abin da ya faru sai a sake wani. Masu taurin kan da suka ce sai risiba su ne ke shan wahala, domin duk da ba ta riƙe wutar harbi tana shan bugu, duk harbi ɗaya akwai ƙarfe mai nauyi da ke komawa baya da ƙarfi ya dawo, kuma siffar da aka zana don alminiyom tana da wurare sirara da roba ba ta iya jurewa. Labarin da ya fi yawa shi ne ta tsage ta baya. Ko ƙungiyar Defense Distributed ta Cody Wilson da ke Texas, wadda su da firintar 3D suka yi tasu ba zubi ba, gwajin da suka nuna a ƙarshen 2012 harbi shida kacal ta yi ta karye, duk da cewa daga baya sun sake tsari sun nuna wadda ta yi ɗaruruwa.

Batun kuɗi kuwa, ai su da bakinsu suke faɗa suna dariya, cewa in ka haɗa kuɗin silikon da sinadari da kayan kariya da duk abin da ka zubar, da tuni ka sayi na kamfani guda nawa a shago, don a can sashen alminiyom ɗin nan ba wani tsada gare shi ba. Inaga abin da ke riƙe su shi ne daɗin a ce ni na yi da hannuna, kuma yawancinsu a ƙarshe sun fi ƙaruwa da ilimin roba a kan su samu abin da za su yarda su kai fuskarsu kusa da shi.

Tambaya: Toh Malam in haka ne me ya sa Glock take da roba kuma 'yan sanda a duniya suke amfani da ita? Ko ita ba ta fashewa?

Amsa: Yauwa, tambayar da nake jira kenan. Sunan ne ɗaya, roba, amma kayan ba ɗaya ba ne sam. Abin da kamfanoni ke amfani da shi galibi nailan ne na injiniyoyi, sau da yawa an cakuɗa shi da gutsattsarin zaren gilashi don ƙarin ƙarfi, shi nailan 66 sai ya kai wajen digiri 260 kafin ya narke, inji ne ke narkar da shi ya tura shi da matsi mai tsanani cikin mazubin ƙarfe da aka sassaƙa da injin kwamfuta, mazubin kaɗai kuɗinsa na iya cin dubban daloli masu yawa. Matsin nan ba ya barin kumfa, kuma kowane guda yana fitowa daidai da ɗan'uwansa. Bayan haka su ba kwafar siffar ƙarfe suke yi ba, tun a takarda ake zana abin don roba, a kaurara inda ya kamata, a dasa ƙarfe a inda zai sha gogayya, sannan a yi ta gwaji har sai an gaji. Mai gareji ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan.

Kuma ba Glock ce ta fara ba, duk da ita ta yi suna. A 1959 kamfanin Remington ya fito da wata doguwar bindiga mai ƙaramin harsashi na .22 mai suna Nylon 66, lokacin DuPont masu nailan su ke da rinjayen hannun jari a kamfanin, gindinta da yawancin jikinta nailan ne, mutane suka yi ta tsaki suna cewa abin wasan yara ne. Don a rufe bakinsu wani gwanin harbi na kamfanin, Tom Frye, ya harbi 'yan katakai 100,010 da ake cillawa sama, shida kawai ya kuskure. Kafin a daina yin ta an sayar da sama da miliyan ɗaya. Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ya fitar da VP70 a 1970, ita ce ƙaramar bindigar hannu ta farko mai jikin roba da aka yi da yawa, ba ta dai karɓu sosai ba. Ostiriya ta ɗauki bindigar soja mai jikin roba ta Steyr AUG a ƙarshen shekarun 1970, sannan Gaston Glock, mutumin da da sandunan labule da wuƙaƙen soja yake yi, ya zo ya ci kwangilar sojan Ostiriya da Glock 17 a farkon shekarun 1980. Abin lura shi ne mutumin nan ya san roba kafin ya san bindiga.

Raina robar nan ma tsohon hali ne, sojojin Amurka a Biyetnam da aka miƙa musu M16 suka ji ta sakayau sai jita-jita ta bazu wai kamfanin kayan wasan yara na Mattel ne ya yi ta. Ba gaskiya ba ne, amma har yau akwai masu rantsuwa a kai.

Tambaya: Yallaɓai ka taimaka ka rubuto mana sunan sinadaran da awonsu da yadda ake haɗa mazubin, mataki mataki, ilimi ne ai.

Amsa: A'a ƙanina, wannan kam ba za ka same shi a shafin nan ba, kuma kar ka wahalar da kanka da biyo ni ta bayan fage don amsar ɗaya ce. Bayanin yadda abu yake da tarihinsa daban, koya ma mutane ƙera makami daban. In aikin zubi ne yake burge ka akwai madannan ƙofa da mariƙin wuƙar kicin da kayan ado da sassan tsofaffin motoci da ba a samu, duk ilimin ɗaya ne kuma ba wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa da asuba.

Tambaya: Ni abin da ya ɗaure min kai, gwamnatin Amurka tana kallo ake wannan? Ba doka ne a ƙasar?

Amsa: Akwai doka, sai dai a hargitse take, ta tarayya daban ta jihohi daban. A dokar tarayya ba kowane sashe ne bindiga ba. Gindi da mariƙi da murfin hannu kaya ne kawai, ka saya ko ka ƙera ba ruwan kowa. Risiba ita ce doka ta ɗauka a matsayin bindigar kanta, ita ke ɗauke da lamba, ita ce in za ka saya wajen dila mai lasisi sai an binciki tarihinka, tsarin lambar ya kafu ne da dokar 1968, binciken tarihin mai saye kuma da dokar 1993. Amma dokar tarayya ba ta hana mutum ya ƙera ma kansa ba in dai ba ya cikin waɗanda aka haramta ma riƙe makami, kuma ba sana'ar sayarwa zai yi ba. Ta wannan ƙofar aka samu bindigogi marasa lamba da suke kira bindigogin fatalwa.

Da farko 'yan sha'awa ne kawai ke wannan harkar, daga baya kamfanoni suka fara sayar da kit, wato haɗin sassan bindiga wanda an kusa gama shi saura ƙiris, babu bincike babu lamba, shikenan sai ɓata-gari da yara 'yan ƙasa da shekaru suka gano hanya. Ma'aikatar shari'ar Amurka ta ce a 2021 kaɗai jami'an tsaro sun kai rahoton kusan 20,000 irin waɗannan da aka samu a binciken laifuka, ninki goma na abin da aka gani a 2016. A 2022 hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi ta fitar da ƙa'ida cewa kit irin wannan ma bindiga ne, sai da lamba sai da bincike. Aka tafi kotu, aka yi ta ja, har Kotun Ƙoli a watan Maris na 2025 ta tabbatar da ƙa'idar da alƙalai 7 a kan 2, Neil Gorsuch ne ya rubuta hukuncin, Clarence Thomas da Samuel Alito suka ƙi. Kamfanin Polymer80 na jihar Nevada wanda shi ne ya fi suna a wannan kasuwa bai ma kai lokacin ba, ƙararraki sun yi mishi yawa ya rufe a 2024.

Jihohi kuma kowa da kiɗansa, California da New York da New Jersey da wasu sun tsaurara, bindiga marar lamba laifi ce a can, a wata jihar kuwa ba wanda zai tambaye ka. Su kansu tsofaffin 'yan sha'awar haushin masu kit ɗin suke ji, suna cewa su aka jawo ma baƙin jini.

Kuma wannan sassaucin na Amurka ne, kar wani ya ɗauka haka duniya take. A Japan an ɗaure wani mutum, Yoshitomo Imura, shekara biyu a 2014 saboda bindigogin roba da ya buga da firinta. A jihar New South Wales ta Ostireliya tun 2015 ko fayil ɗin zanen aka samu a kwamfutarka ya isa a gurfanar da kai. Yawancin ƙasashe ƙera makami ba lasisi babban laifi ne, ko da roba ko da ƙarfe.

Tambaya: An ce irin wannan bindigar na'urar filin jirgi ba ta ganin ta, haka ne?

Amsa: Wannan tsoron tun zuwan Glock Amurka ake yin shi, kuma a kanta dai ba shi da tushe don yawancin nauyinta ƙarfe ne. Duk da haka tsoron ya sa aka yi doka a 1988, Ronald Reagan ya sa hannu, wadda ta haramta duk bindigar da na'urar gano ƙarfe ba za ta ji ta ba, ma'aunin da aka sa shi ne oza 3.7 na ƙarfe, wajen giram 105 kenan, kuma ana ta sabunta dokar har yanzu. Doguwar bindiga mai bututun ƙarfe ba ta da hanyar ɓuya, harsashi ma ƙarfe ne, na'urar hoton kaya kuma siffa take nunawa ko da roba ce. Wadda ta tayar da ƙura ita ce Liberator ta 2013, bindigar hannu da ake bugawa da firintar 3D da kusan dukkanta roba ce, an sauke zanenta sama da sau 100,000 cikin kwana biyu kafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta sa a cire, 'yan sandan New South Wales suka buga tasu suka gwada, ɗaya ta tarwatse.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni a Amurka muke zaune, maigidana yana wannan aikin zubin a gareji, shi dai mariƙi da irin su yake yi ma abokansa mafarauta, amma warin yana shigowa har falo kuma muna da ƙananan yara, kwanan nan ma tari yake da daddare hannunsa duk ya yi ja. In na yi magana sai ya ce ba komai. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, kuma gaskiya ke ce mai gaskiya a nan, akwai komai. Irin robar da aka fi zubawa ɗaya daga cikin ruwan biyun yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda sananne ne cikin manyan masu jawo asma ta wurin aiki, masu fentin mota sun san shi sarai. Mugun halinsa shi ne jiki yana iya ɗaukar gaba da shi, mutum ya yi wata da watanni lafiya lau, rana ɗaya jikin ya ce ya isa, daga nan ko ɗan kaɗan ya shaƙa sai ƙirji ya riƙe, kuma sau da yawa ba a lokacin aikin yake tasowa ba sai da daddare, wanda ya yi daidai da abin da kika faɗa. In kuma epoksi, wani nau'in robar zubin, yake amfani da shi, shi ma ya shahara wajen sa fata ta yi ja tana ƙaiƙayi tana ɓarewa. Ga ƙurar da ke tashi in yana goge abin da samfefa, tana bin riga ta shigo gida.

Ni ba likita ba ne, amma tarin dare da jan hannu ga mai wannan aikin ba abin jira ba ne. Ya dakata da aikin, ya je asibiti, kuma ya tafi da takardar bayanin haɗarin sinadarin, kowane kamfani a can dole ne ya tanade ta kuma ana samun ta a intanet, ya nuna ma likita don ya san da me yake fama. Wannan takunkumin takarda na hanci ba ya tare tururin sinadari, ƙura kawai yake ragewa. Garejin da ke manne da gida kuma ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da yaranki, bai dace da wannan aikin ba, gwangwanayen a kulle su inda hannun yaro ba ya kai wa. Ki samu lokacin da yake cikin nishaɗi ki ce mishi ba sha'awarsa kike so ya bari ba, numfashinsa kike ji. In ya ƙi ji ki haɗa shi da wani babba da yake jin nauyinsa.

Tambaya: Tsakanin gindin katako da na roba wanne ya fi ga mafarauci?

Amsa: In kyau ake magana katako, musamman itacen walnat, ba a haɗa su. In aiki ne cikin ruwa da laima roba ta kamfani ta fi, domin katako yana shan danshi ya kumbura ya taɓa bututu sai saiti ya goce. Sojojin kundunbalar ruwan Amurka sun ga haka a Biyetnam da bindigarsu ta maharba M40 mai gindin katako, shi ya sa da aka sabunta ta zuwa M40A1 a shekarun 1970 aka koma gindin zaren gilashi na Gale McMillan, wanda shi ma da ƙaramin aiki ya fara don gasar harbi kafin abin ya zama kamfani. Sai dai roba mai arha tana lanƙwasa in ka danna ta, kuma rashin nauyinta yana sa bugun kafaɗa ya fi zafi, don haka in za ka saya ka riƙe ta a hannu ka ɗan murɗa gaban ka ji ko tana motsi.